Wa Ya Ce Kifin Tebur Abin Kunya Ne?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikata da ƴan boko na garin nan namu na Ƙonni, har ta fara shiga bakin yara. Sai ka ji uba na ce wa ɗansa: "Kada in sake ganin ka a teburin mai kifi, kana zubar mini da mutunci." Uban nan kuwa shi ne gobe zai tsaya a kanti ya sayo gwangwanin sardin da burodi, ya shiga gida yana jin ya yi abin kai. Ni malamin makaranta ne, kullum ina ganin abin da wannan tunani yake yi wa aljihun iyaye da jikin ƴaƴansu. Shi ya sa na ga ya dace in fito fili in faɗa: raina kifin gida asara ce, kuma abin takaici, daga cikin malamai da iyaye masu albashi aka fi yaɗa wannan raini.

Bari mu fara da shi teburin da ake ƙyama. Duk wanda ya ratsa Ƙonni da yamma ta babban titin da ya taso daga Yamai ya nufi Maraɗi, ko ya bi ta bakin tasha da hanyar da ta gangara iyakar Illelar Najeriya, ya san shi. Tebur ne guda, da kasko a kan murhu, da benci, da butar wanke hannu. Ga karfasa an tsaga ta an barbaɗa mata gishiri, ga tarwaɗa an yanka gunduwa-gunduwa, ga yaji, ga albasar Galmi an yayyanka. Wani ya ci da garin rogo, wani da dambu, wani a ƙulle masa ya kai gida a jefa a miya. Mai kifi ba ya tambayar ka ko kai wane ne. Abin da ke hannunka shi zai yanka maka, mai dala ashirin ya samu rabonsa, mai jika ma ya samu. Direban tirela da ɗan kabu-kabu da ɗan kasuwa benci ɗaya suke zama. A gaya mini, ina abin kunya a nan?

Kifin nan kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Ko da yake ba mu da teku, Allah bai hana jihar Tawa ruwa ba. Ga gulbin Majiya da ke gangarowa daga duwatsun Adar da damina, ya bi ta yankin Malbaza da Ƙonni, ya tsallaka iyaka ya zube a tafkin Kalmalo. A kansa aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda ke shayar da gandun noman rani na Ƙonni mai faɗin sama da hekta 2,000, ta hanyar ma'ajiyar ruwa ta Cerasa. Ga tafkin Dosai a nan kusa da mu. Ga tafkin Ɗan Dutsi, ga na Tabalak a kan hanyar Agadas, inda matafiya suka saba tsayawa don kifi. Waɗannan biyun na ƙarshe tun shekarar 2005 aka sa su cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Sannan ga banda da ke zuwa daga gabas, daga yankin Difa da tafkin Cadi, wadda iyayenmu mata suka daɗe suna gyara miyar kuka da ta kuɓewa da ita. A bayan kowace gunduwa da ke cikin kaskon nan akwai basarke da ya kwana a ruwa, da mai ɗauko kaya a babur, da mai sayar da icce, da matar da ta daka yaji. Kuɗin da ka ajiye a teburin a cikin garinka da ƙauyukan da ke kewaye da shi zai yi ta zagayawa.

Yanzu mu bi sawun wanda aka fifita. Juya gwangwanin sardin ka karanta abin da aka rubuta a jiki, galibi za ka ga daga Maroko ya fito. Kifin ƙanƙara kuma daga teku ake kamo shi, a sauke a tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatano da Legas, sannan ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 a mota kafin ya iso gare mu. Ban ce haramun ne ba, ban kuma ce guba ne ba. Kifi ne, yana da amfani matuƙar sanyinsa bai yanke a hanya ba, kuma yau da yawa daga masu tebur ɗin ma shi suke soyawa idan na gida ya yi ƙaranci. Abin da nake ja da shi shi ne a ce wanda ya yi makonni a daskare shi ne na masu wayewa, wanda aka kamo yau da asuba kuma shi ne na talaka.

Mu mutanen bakin iyaka bai kamata a yi mana dogon bayani a kan hatsarin dogaro da kayan waje ba. Mun ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Mun sake gani bayan juyin mulkin Yuli na 2023, sa'ad da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, har sai watan Maris na 2024 hanyar Illela ta buɗe. Duk abin da ke zuwa a mota daga bakin teku ya yi tsada, duk abin da ke buƙatar firji ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Amma babu takunkumin da ya hana tarwaɗa hayayyafa a Mozage. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Muna ta maganar ƴancin kai a rediyo da dandalin taro, alhali kwanon abincin yaranmu yana jiran a buɗe ƙofar wata ƙasa.

Sai dai abin da ya fi damu na a matsayina na malami shi ne jikin yara. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a ƙasar nan ya sha nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 suna fama da tsumburewa. Waɗannan yaran su ne ke shigowa ajin farko bayan shekara ɗaya ko biyu. Kowane malami ya san su: yaron da kafin hantsi ya kife kai a tebur, yarinyar da idonta ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, wanda za ka maimaita wa abu sau biyar bai riƙe ba. Sau da yawa sai a ce daƙiƙi ne, har a kai ga bulala, alhali cikinsa ne babu abin kirki. Tuwo da fura suna ƙosarwa, amma su kaɗai ba su isa gina jiki da ƙwaƙwalwa ba. Kifi na ɗauke da furotin, da mai mai amfani ga ƙwaƙwalwa. Ƙananan kifaye busassu da ake ci gaba ɗaya da kai da ƙashi, waɗanda aka fi rainawa, suna ba da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da na ayon mai ƙara jini. Naman rago da na sa sun fi ƙarfin magidanta da yawa in ba da salla ko suna ba. Kifi ne naman da talaka zai iya saye da ƴan canji, ba ya ma buƙatar yanka.

To me ake yi da kuɗin da ake ba yaro ya tafi da su makaranta? Ku tsaya a ƙofar kowace makaranta lokacin shan iska ku gani. Alewa ce, da biskit, da ruwan leda mai launi wanda babu komai a ciki sai sukari. A gidajen da ake ganin an waye kuma, taliyar leda mai dahuwar minti biyu ta zama abincin gata. Uwar da ta daka busasshen kifi ta zuba a kunun yaye ko a miyar yara ta fi wadda ta cika jakar ɗanta da kayan kanti yi masa gata, ko da kuwa maƙwabta za su ce gidanta na ƙarni.

Masu ganin cin kifin talaka ƙauyanci ne, su ne kuma suka fi kowa ambaton Turai. To bari mu leƙa Turan. Mutanen jihar Tawa sun san Italiya, domin ita ta ɗauki nauyin babban aikin nan na farfaɗo da ƙasa a Keita tun daga 1984. Ƙasa ce da teku ya kewaye ta gefe uku, kuma a garuruwanta na bakin ruwa akwai ƙananan gidajen abinci marasa ƙyale-ƙyale inda ake cin kifi da araha. Abin da suke alfahari da shi a can shi ne abin da su da kansu suke kira girkin talakawa: sardin da ƙananan kifaye irinsa a soye ko a gashe, da kuma miyar kifi irin ta birnin Liborno, wadda asalinta ragowar kifin da masunta suka kasa sayarwa ne ake haɗawa a dafa da tumatir a ci da burodi. Yau baƙi na biyan kuɗin jirgi daga ƙasashe masu nisa don su zauna a irin waɗannan wurare. A 1986, da aka buɗe gidan abincin McDonald's a tsakiyar birnin Rum, wasu ƴan ƙasar ƙarƙashin jagorancin Carlo Petrini suka tashi tsaye don kare abincin gargajiya, daga nan aka haifi ƙungiyar Slow Food da ta bazu a duniya. A 2010 kuma hukumar UNESCO ta sa tsarin cimar mutanen yankin Bahar Rum cikin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Ba sai mun je Turai ba ma. Shinkafa da kifi ta Senegal, wadda ta samo asali daga unguwannin masunta na Saint-Louis, ta shiga wannan jeri na UNESCO a 2021. Bikin kamun kifi na Argungu, a nan ƙasar Kabi da ba ta da nisa da mu, wanda aka faro a 1934, ya shiga tun 2016. Waɗannan mutane ba su fi mu kifi mai daɗi ba. Abin da suka fi mu shi ne ba su koya wa ƴaƴansu jin kunyar abin da ke gabansu ba. Mu kuwa yaro zai gama firamare ya iya zana kifin teku da ya gani a littafi, amma bai san bambancin karfasa da bargi ba, bai taɓa jin sunan gaiwa ba, wadda ke binne kanta a laka ta yi rani guda tana jiran damina. Wannan halitta mai ban mamaki tana cikin tafkunanmu, amma ba ta cikin darasinmu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce tsafta. Gaskiya ne, akwai tebura da ƙuda ke shagali a kansu, akwai masu barin kifi a buɗe ƙurar tireloli na sauka a kai, akwai man suya da aka juya har ya yi baƙi ƙirin, akwai masu ƙunshe kifi a takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida. Mafi muni, akwai marasa tsoron Allah da ke fesa wa banda maganin ƙwari irin piya-piya don kada tsutsa ta shige ta, akwai kuma masu zuba guba a tafki su kwashe abin da ya taso. Duk wannan yana faruwa, kuma laifi ne babba. Amma tambayata ita ce: wa ya kamata ya gyara? Idan duk wanda ya yi karatu, wanda ya san illar waɗannan abubuwa, ya ƙaurace wa teburin, to wa ya rage da zai ce wa mai kifi ya rufe kayansa da gilashi ko ƙyalle mai tsabta? Mai sana'a cinikinsa yake bi. Ranar da malamai goma na unguwa suka ce ba za su saya ba sai an sake mai, a ranar za a sake shi. Ba a taɓa cewa a daina cin tsire don wani mahauci ya yi ƙazanta ba. Sai a bar nasa a koma wurin mai tsabta. Kuma sanin kifi mai kyau ba sai an je jami'a ba: ɗanye idonsa garau yake, namansa da tauri in ka danna, banda kuwa in ka ji warin magani a jikinta, ajiye masa abinsa, ka kuma gaya wa na bayanka.

Za a ce ƙaya. Wace uwa ce ba ta iya cire wa ɗanta ƙaya ba? Tarwaɗa ma ba ta da ƙananan ƙayoyi masu yawa, busasshen kifi kuwa turmi ya gama da shi. Za a kawo camfin nan na cewa haɗa kifi da nono yana jawo kuturta. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tana da magani a asibiti. Malamin da ya ji wannan magana a bakin ɗalibi ya yi shiru bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda masu hankali ke kawowa: kifin gida ba zai wadatar da kowa ba. Wannan haka yake. Madatsun ruwanmu na cikewa da laka da yashi, tafkuna na ja da baya da rani, kacalla na mamaye wasu, ga masu kamu da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, suna kwashe har ƴan mitsi-mitsin da ba su kai ga yin ƙwai ba. Amma ku lura, abin da mutane suka raina ba a kashe masa kuɗi. Muddin masu faɗa a ji na gari suna ganin kifin tafki abincin ƴan tasha ne, babu wanda zai tashi a taron majalisar gari ya nemi a yashe madatsa, ko a zuba irin kifi a tafkuna, ko a tsayar da lokacin hana kamu don kifi ya hayayyafa. Da a ce albasar Galmi raina ta aka yi, da ba ta kai Abijan da Akara ba. An daraja ta, aka kula da irinta, ta zama abin tinƙahon ƙasa. Raini da ƙaranci tare suke tafiya, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa.

Akwai kuma wani ɓangare na rainin da ba a son faɗa, wato rainin su kansu masu sana'ar. Yaro ɗan masunta ko ɗan mai suyar kifi yakan sha tsokana a aji, a ce yana ƙarni, har ya riƙa ɓoye sana'ar ubansa. Na sha ganin yaran da suka fi kowa iya lissafi saboda taya iyayensu ciniki da dare, amma in aka tambayi aikin mahaifi sai su sunkuyar da kai. Makarantar da ta sa yaro jin kunyar halaliyar da ake biya masa littafi da ita ta cuce shi. Su sana'a ce mai tsari da sarauta, shi ya sa ake da Sarkin Ruwa a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Bature.

Saboda haka ga kirana ga ƴan'uwana malamai. Ba sai mun jira an sauya manhaja daga Yamai ba. Darasin kimiyya a kan halittun ruwa, a shigo da karfasa guda aji a nuna wa yara sassan jikinta. Darasin lissafi, a ba su su kwatanta kuɗin gwangwani ɗaya da yawan kifin da kuɗin zai saya a kasuwa, su da kansu su fitar da amsa. Darasin sanin ƙasa, a zana Majiya daga inda ta taso zuwa Kalmalo. A gayyato basarke dattijo ya nuna musu koma da birgi da mamari, ya gaya musu dalilin da ya sa magabata ba su kama ƙananan kifi. A kuma haɗa da gargaɗin cewa wanka da wasa a ruwan kwance ne ke jawo tsargiya, cin dafaffen kifi ba ya kawo ta. Inda ake dafa wa ɗalibai abinci, kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata su nemi a riƙa sa garin busasshen kifi a miya ko sau biyu ne a mako, a kuma saye shi daga hannun mutanen yankin.

Ku kuma iyaye, musamman masu ɗaukar albashi, yara abin da suka gani suke koyi da shi. In ka dawo daga aiki ka tsaya a teburin mai tsabta, ka yi sallama, ka saya a gaban ɗanka, ka koya masa abin da babu littafin da zai koya masa. Ka rage daga kuɗin alewa ka ƙara a na cefane. Ka tambayi mai kifi daga wane ruwa kayansa suka fito, domin tambayar kanta tana sa ya san ana lura da shi. In kuma ka ga ana zuba guba a tafki ko ana kamu da gidan sauro, kai maganar gaban mai gari da jami'an kula da ruwa da gandun daji, kada ka ce ba ruwanka, alhali ruwan naka ne.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan muka ci gaba da tarbiyyar yaran da ke ganin wayewa a cikin gwangwani take, wata rana za su nemi karfasar Mozage su rasa, kuma ba za su san ma abin da suka rasa ba. Allah Ya albarkaci ruwayenmu, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.